Wai da gaske an cire yaran baƙi daga inshorar CHIP?

Maman_Ilham: Salam 'yan gida. Don Allah masu sanin doka ku taimaka min. Akwai wani saƙon murya da yake ta yawo a guruf ɗinmu na mata, wai dokar nan da Trump ya sa wa hannu ta cire duk yaron da iyayensa ba 'yan ƙasa ba ne daga CHIP (inshorar lafiyar yara ta gwamnatin Amurka) da Medicaid (ta masu ƙaramin ƙarfi), wai har wanda aka haifa a nan. Takardar sabuntawa ta yarana ta zo tana nan kan tebur na kasa cikewa. Biyu a nan Pennsylvania aka haife su, babbar kuma da ita muka zo ta lotirin biza, tana da girin kad amma ba mu cika shekara biyar ba. Maigidan ya ce a bari kawai kar a je a jawo mana matsala ranar da za mu nemi zama 'yan ƙasa. Shi kuma ƙaramin asma gare shi, sanyi ga shi ya shigo. Ya zan yi?

Dan_Maradi_HBG: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ma na ji wannan muryar, matata ta kunna min. Wadda ta yi maganar ko sunanta ba ta faɗa ba, "wata lauya ce ta ce" kawai. Wace lauya? A ina?

Nas_Hauwa: Maman Ilham ki ɗauki biro ki cike takardar nan yau ɗin nan. Ni a ɓangaren yara nake aiki. Yaron da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne a doka, takardun iyayensa ba su shiga lissafin cancantarsa, kuɗin da ke shigowa gidan ake dubawa. Ita kuma babbar taki Pennsylvania tana cikin jihohin da suka yafe wa yara masu takardu jiran shekara biyar ɗin da ake sa sababbin masu girin kad su yi kafin su samu inshorar. Kar ki bari wa'adin ya wuce don in aka rufe fayil ɗin sake buɗewa wani dogon aiki ne.

Maman_Ilham: Anti Hauwa to maganar maigidan fa? Wai abin nan da suke cewa ka zama nauyi a kan gwamnati

Malam_Sabiu_MD: Bari in ɗan sa baki, ba lauya ba ne ni amma na daɗe ina taya mutanenmu cike irin waɗannan takardun. Wancan gwajin na zama nauyi a kan gwamnati ana yin sa ne ga mai neman biza ko mai neman girin kad. Ku kun riga kun samu. Ba a yin sa a wajen neman zama ɗan ƙasa. Inda ake ce wa mai girin kad ya kula shi ne in zai fita ƙasar ya wuce wata shida kafin ya dawo. Kuma ko a tsauraran ƙa'idar da gwamnatin Trump ta farko ta fitar a 2019, wadda ta fara aiki Fabrairu 2020, ba a sa CHIP a lissafi ba, ba a kuma sa Medicaid ɗin wanda bai kai shekara 21 ba ko na mai ciki. Amma tsoro bai karanta ƙa'ida ba, mutane da yawa suka cire yaransu da hannunsu a lokacin. Tsakanin 2016 da 2019 yaran da ba su da inshora a ƙasar nan sun tashi daga kusan miliyan 3.6 zuwa kusan miliyan 4.4, ba wai tsoron ne kaɗai ya jawo ba amma yana ciki. Shi dai wanda yake kan neman girin kad yanzu ya tuntuɓi lauya na gaske, don ƙa'idar nan kowace gwamnati ta zo sai ta taɓa ta.

Direba_Houston: Ni fa ban son ana ruɗar mutane da daɗin baki. Dokar ta canza ko ba ta canza ba? A faɗa mana gaskiya.

Malam_Sabiu_MD: Ta canza Alhaji, amma ba yadda muryar ta faɗa ba. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ce daga 1 ga Oktoba 2026 kuɗin tarayya na Medicaid da CHIP zai tsaya ne kan 'yan ƙasa, masu girin kad, wasu 'yan Kuba da Haiti, da mutanen tsibiran nan na tekun Fasifik da suke da yarjejeniya da Amurka. Waɗanda ta fi dukan su ne 'yan gudun hijira da masu mafaka da ba su kai ga girin kad ba, da a da ba sa ma jira. Amma ta bar wa jihohi zaɓin nan na ba yara da masu ciki da ke zaune bisa doka inshorar ba tare da jira ba. Wato yaro ɗan gudun hijira a jihar da ta ɗauki zaɓin zai ci gaba, na jihar da ba ta ɗauka ba kuma sai yadda Allah Ya yi.

Abu_Nyala: Wannan maganar mu ta shafa. Mu da muka fito daga Sudan ta hannun majalisar ɗinkin duniya, ranar da muka sauka aka ba mu kati, ba wanda ya ce mu jira. Su gwamnati suka tantance mu, suka kawo mu, yanzu kuma a ce mun zama kaya. Manya ma sun fi ban tausayi, akwai tsofaffi cikinmu masu ciwon suga da hawan jini da ba su iya aikin sito.

Direba_Houston: To na ji. Amma bari in faɗi abin da ke raina ko za a zage ni. Ni ina tuƙa babbar mota, kaina nake wa aiki, inshorar gidana daga aljihuna take fita duk wata kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne, sannan in na je asibiti sai na fara biyan wani kaso kafin su su fara. Na bi layi, na jira, na biya lauya, na biya kuɗin takardu. Wani ya tsallako iyaka jiya, yau yaransa suna da katin da ya fi nawa. Ku ce min wannan adalci ne? Ba ƙiyayya ba ce wallahi, tambaya ce. Baturen da yake zaɓen 'yan Republican abin da yake gani kenan.

Nas_Hauwa: Alhaji a Texas ɗin naku wane kati yaron da ya tsallako jiya yake samu? Babu. Texas ba ta ba yaron da ba shi da takardu ko CHIP ko Medicaid, sai na gaggawa kawai.

Direba_Houston: Ai ba Texas kaɗai ba ce Amurka. Kalifoniya fa? New York fa?

Zongo_Boy_BX: Mu a New York gaskiya ne, shirin inshorar yara na jihar, Child Health Plus, ba ruwansa da takardunka, yaro in dai a jihar yake zaune kuma bai kai 19 ba yana shiga, in kuɗin gidan ya ɗan yi sama ku biya wani abu duk wata. Kuma ba jiya aka fara ba, shirin ya girmi CHIP ɗin tarayya ma. Amma Alhaji Direba ka sani kuɗin jihar ne ake biyan na marasa takardu da shi, ba naka na Houston ba. Harajin 'yan New York ne, mu muka ga za mu iya. A Bronx nan ka shiga masallatanmu ka ga yara nawa ne suka zo da biza ta ziyara suna shekara uku huɗu, yanzu sun girma ba su san wani gari ba sai nan. Su suka zaɓi su zo? Yaro da aka goyo aka hau jirgi da shi?

Malam_Sabiu_MD: Zongo Boy ya taɓo inda ake yawan cakuɗa abu. Muhawarar nan kala uku ce amma 'yan siyasa sai su zuba su a tukunya ɗaya. Akwai yaron da aka haifa a nan iyayensa baƙi, shi ɗan ƙasa ne, kuma su ne mafi yawa, don kusan yaro ɗaya cikin huɗu a Amurka yana da uwa ko uba baƙo kuma akasarinsu a nan aka haife su. Akwai yaro mai takardu da bai cika shekara biyar ba, irin Ilham. Sai yaron da ba shi da takardu sam. Shi na ukun kuɗin tarayya bai taɓa biya masa CHIP ba tun da aka kafa shirin a 1997. Jihohin da suke yi, wajen 14 da birnin Washington, daga baitulmalinsu suke yi. Illinois ta fara nata a 2006, Kalifoniya a 2016, Oregon a 2018, New Jersey a 2023. Har Utah da take hannun 'yan Republican ta buɗe wani ɗan shiri a 2024 mai iyakar kuɗi.

Hajiya_Chicago: Illinois ɗin ma yanzu sun fara ja da baya. A Yulin 2025 suka rufe na manya 'yan shekara 42 zuwa 64 wai kuɗi ya fi ƙarfin kasafi. Na yara dai ba su taɓa ba, Allah Ya sa kar su taɓa. Kuma gwamnan ɗan Democrat ne fa, kar wani ya ce duk laifin ɓangare ɗaya ne.

Direba_Houston: Yawwa! Kin ga abin da nake faɗa. Kalifoniya ma gwamna Newsom ya dakatar da ɗaukar sababbin manya daga Janairu 2026, Minnesota ma ta cire manya. Da baki kowa mai tausayi ne, in bil ya zo sai ido ya raina fata.

Nas_Hauwa: Amma ka lura duk ukun manya suka taɓa suka bar yara? Saboda na yara ba shi ne mai cin kuɗin ba. Bari in ba ka abin da nake gani da idona. Yaro mai asma in yana da kati, uwar za ta karɓi abin shaƙa guda biyu, na kullum da na lokacin da ƙirji ya toshe, likita ya duba shi lokaci lokaci shikenan. In ba shi da kati za ta yi ta shafa masa man zafi tana ba shi zuma da tafarnuwa har sai cikin dare numfashi ya gagara, haƙarƙarin yana lotsawa, leɓe ya canza kala, sannan a taho imajansi a guje. Mu kuma dole mu karɓe shi, doka ce tun 1986 lokacin Reagan, asibiti ba shi da ikon korar mai larurar gaggawa don ba shi da kuɗi ko takardu. Kwana biyu a gado da iskar oksijin ya ninka kuɗin maganin shekara. Wa kake ganin yake biya? Yana dawowa kan inshorar taka da kake kuka da ita da harajin gunduma. Ko ta wace hanya sai ka biya Alhaji, zaɓin kawai ka biya kaɗan da wuri ko ka biya da yawa a makare.

Bakano_Asali: Ni daga Kano nake karanta ku ina ta mamaki. Kuna ƙasar mutane kuna rigima a kan a yi wa yaranku magani kyauta, mu nan a ƙasarmu ta haihuwa ko safar hannu sai ka saya wa nas. In abin ya ishe ku ku dawo gida mana 😂

Zongo_Boy_BX: Bakano ka turo kuɗin tikiti

Dan_Maradi_HBG: Hhh. Mu a Nijar tun 2006 aka ce yaro ƙasa da shekara biyar magani kyauta ne, kuma ba a tambayar takardar ɗan ƙasa a bakin likita, 'yan Najeriya na kan iyaka suna shigowa da yaransu. Matsalar ita ce gwamnati ba ta biyan asibitocin a kan lokaci sai ka je a rubuta maka takarda a ce ka sayo a famasi. To amma niyyar dai an yi.

Zongo_Boy_BX: Gana ma akwai inshorar lafiya ta ƙasa NHIS tun 2003, yara ƙasa da 18 ba sa biyan kuɗin shekara. Aiki da shi kuma wani labari ne daban.

Ummu_Sadiq_Leeds: Mu a Ingila kowa yana iya rajista da likitan unguwa ko ba shi da takardu. Amma mai biza yana biyan kuɗin lafiya tun wajen neman bizar, yaro ɗaya fam 776 a shekara, kuma na duk shekarun bizar za ka biya a dunƙule. Mai yara huɗu sai ya yi lissafi. Ko'ina baƙo da irin tasa.

Admin_Garba: Jama'a a dawo kan tambayar Maman Ilham, an fara zagaya duniya.

Malam_Sabiu_MD: To in koma kan jiran shekara biyar ɗin don mutane su san daga ina ya fito, don wasu suna ɗauka Trump ne ya ƙirƙiro. Clinton ne ya sa hannu, a dokar gyaran tallafi ta Agusta 1996. Kafin nan mai girin kad kusan daidai yake da ɗan ƙasa a Medicaid. Shekara ɗaya bayan nan aka kafa CHIP, Ted Kennedy ɗan Democrat da Orrin Hatch ɗan Republican suka haɗa kai, aka ɗora kuɗin a kan harajin taba, sai shirin ya gaji wancan jiran. A 2007 majalisa ta so faɗaɗa shi da dala biliyan 35, Bush ya hau kujerar na ƙi har sau biyu, shi babban dalilinsa wai ana jan masu matsakaicin hali daga inshorar kamfani zuwa ta gwamnati, amma a zauren majalisa wasu sun yi ta cewa sassauta binciken takardu zai buɗe ƙofa ga marasa izini. Obama na hawa, ranar 4 ga Fabrairu 2009 ya sa hannu, kuma a cikin wannan dokar ce aka ba jihohi damar yafe jiran ga yara da masu ciki. Abin mamaki shi Hatch ɗin da ya haifi shirin ƙin amincewa ya yi a wannan karon, shi da sanata Grassley, kuma maganar baƙin nan tana cikin abin da suka yi ƙorafi a kai. Hujjarsu ita ce wanda ya ɗauko ka ya sa hannu cewa zai ɗauki nauyinka, to shi ya kamata ya biya. Yau jihohi sama da 35 sun ɗauki zaɓin, har da Texas da Florida.

Direba_Houston: To ai hujjar Hatch ɗin ba ta banza ba ce. Ni da na kawo matata sai da na sa hannu a wannan takardar. Alkawari kaya ne.

Hajiya_Chicago: Alkawari kaya ne amma mai aikin gadi ko mai wankin kwanuka da ya kawo iyalinsa, in yaron ya kamu da sikila ko ciwon daji da me zai cika alkawarin? Kai kanka da babbar motarka ba za ka iya ba. Kuma shekara biyar a wajen babba ba komai ba ne, a wajen yaro ɗan shekara biyu ita ce duk lokacin rigakafi da gano matsalar ji ko ta magana. Mu da sikila ta yi mana yawa bai kamata mu riƙa wannan maganar da wasa ba.

Talatu_ATL: Kuma a daina cewa marasa takardu ba sa biyan haraji. Cibiyar binciken haraji ta ITEP ta lissafa sun biya kusan dala biliyan 96.7 a 2022, har da kuɗin fansho da ake yanka musu wanda ba za su taɓa ci ba. Sannan kotun ƙoli tun 1982 ta ce dole a karɓi yaran nan a makarantar gwamnati, kuma shari'ar daga Texas ɗin Alhaji ta fito. Wato yaron yana aji ɗaya da naka, tebur ɗaya suke cin abinci. In ƙyanda ta shigo ajin ba ta duba girin kad.

Direba_Houston: Rigakafi ban da ja a kai, a yi wa kowa. Ni inda nake tsoro shi ne in ka ce komai kyauta ne kamar ka aika goron gayyata ne.

Zongo_Boy_BX: Alhaji tsakani da Allah ka taɓa jin wanda ya bi dajin Darien na tsakanin Kolombiya da Panama da ƙafa saboda katin asibitin yara? Aiki suke nema. Da don kati ne da duk sun tare a New York da Illinois, amma ga su can cike da Texas suna muku gini.

Sani_Columbus: Ni abin da ba wanda ya taɓo shi ne maganar bayanai. Labari ya fito a 2025 cewa hukumar Medicaid ta miƙa wa jami'an shige da fice sunaye da adireshin mutane, har jihohi wajen 20 suka kai ƙara kotu. To ko da yaro ya cancanta, in uban ba shi da takardu kuma adireshinsu ɗaya fa? Ina da maƙwabci da ya bar na yaransa ya mutu saboda wannan, yaran kuma duk a nan aka haife su. Na rasa me zan ce masa don ba zan iya rantse masa cewa ba komai ba.

Nas_Hauwa: Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya Sani, kuma ba zan yi maka ƙarya ba tsoron yana da tushe. Abin da na sani, in kana nema wa yaro ne kawai ba dole ka ba da bayanin takardunka ko lambarka ba, na yaron ake buƙata da kuɗin shigar gida. Amma adireshi kam yana ciki. Ka kuma gaya masa in sun riga sun daɗe a cikin tsarin, fita yanzu ba ya goge abin da aka riga aka rubuta, yaran kawai ya bari a fili. In ya dage, aƙalla ya kai su ƙananan asibitocin unguwa masu rangwame gwargwadon samunka, kar a zauna a gida.

Abu_Nyala: Malam Sabi'u tambaya, mai ciki da ba ta da takardu fa?

Malam_Sabiu_MD: Ya danganta da jiha. Tun 2002 lokacin Bush aka ba jihohi damar su yi wa ɗan cikin rajista a CHIP, sai uwar ta samu awo ta dalilinsa. Jihohi da dama na 'yan Republican sun ɗauka saboda ya dace da aƙidarsu ta kare ɗan tayi. Kuɗin haihuwar kanta kuma Medicaid na gaggawa yana ɗauka in samun gidan kaɗan ne.

Direba_Houston: Wannan kam Texas tana yi, na sani. Kun ga ba mu da mugunta kamar yadda kuke zato

Talatu_ATL: Eh, yana ciki kuna kula da shi, yayansa da aka zo da shi a goye kuma ko oho.

Maman_Ilham: Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah Ya bar zumunci. Na nuna wa maigidan bayanin Malam Sabi'u da na Anti Hauwa, ya ce to a cike amma shi sai ya kira wani lauya gobe ya ji da kunnensa. Wata tambayar kuma, wajen kuɗin shiga, shi yana aikin sito kuma yana Uber ƙarshen mako, duka biyun za a rubuta?

Malam_Sabiu_MD: Duka biyun Hajiya, kar a ɓoye ko ɗaya, suna gani a takardun haraji. Na Uber ɗin abin da ya rage bayan an cire kuɗin mai da gyaran mota ake sawa. Ko da ya haura iyakar na kyauta, a Pennsylvania akwai matakin da ake biyan kaɗan duk wata.

Dan_Maradi_HBG: Hajiya in kina kusa da Harrisburg ki zo masallaci da takardun bayan Juma'a, akwai 'yar uwarmu da take taya mata cikewa. Ki haɗo da takardun albashinsa na watan da ya wuce da girin kad ɗin Ilham gaba da baya.

Bakano_Asali: Ni dai har yanzu ba wanda ya gaya min yadda ake samun lotirin nan

Zongo_Boy_BX: Najeriya ba ta ciki Bakano, an cire ku tun tuni, kun yi yawa 😂